Kada Ka Kai Kawunka Ya Dafa

Birnin Zariya,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan ka sauka Kaduna lafiya, ka tarar da masu masaukinka lafiya. Allah ya tsare ka a kan kwalta da bayan kwalta, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki, da sharrin abokin da ke fara dariya tun ba ka gama magana ba. Amin.

Ba zan ba ka labarin gida ba, jiya ka bar shi, babu abin da ya canza. Na ba direban tasha wannan takarda na ce ya danƙa maka hannu da hannu. Ka nemi inda babu kowa ka karanta. Ka san ni, bakina ne jarina, da shi na sayar wa mutum tayar da ta sha faci ya tafi yana yi mini godiya. Amma maganar nan na juya ta a baki har ka ɗauki jakarka ka fita, ta ƙi fitowa. Shi ya sa na koma ga biro, ɗan ilimin elementare da na yi ya yi mini rana.

Ga inda muke. Majistare ya karɓe lasin ɗinka na shekara guda, a kan cewa ka tuƙa mota a buge ranar bikin abokinka, har ka hau shataletale ka karya allon hanya. Masaƙar da ta ɗauke ka direba ta ce za ta jira ka zuwa ƙarshen wata, ko ka zo da lasin ko ta ba wani kujerar, kafin nan ka riƙa wanke motoci a garejinsu. Lauyanka ya samo maka a sake sauraron shari'ar ranar Alhamis nan Zariya, tunda ba a kai ka wurin likita ba aka yanke hukunci. Ya kuma ce ka kawo dattijo mai mutunci ya shaida cewa kai ba mashayi ba ne. Kai kuma ka zaɓi kawunka Malam Habibu, yayan innarka, limamin masallacin unguwarsu a Kusfa.

Shekaranjiya ya zo rumfata da kansa. Ya zauna a kan tayar tirela, ya ce, "Alhaji Garba, yaron nan ni na koya masa alwala. In 'yan sanda ba su san shi ba, ni na san shi. Zan je in dafa Alƙur'ani, in ga wanda zai ƙaryata ni." Saura kaɗan goron da ke bakina ya sarƙe ni. Na ce masa Allah ya saka da alheri.

Malam Ƙarami, ka sha.

Kada ka yi saurin rantsuwa, babu kowa a gabanka sai takarda. Da safen da na je caji ofis belinka, ka ce mini, "Wallahi Baba lemo na sha, barci ne ya ɗauke ni." Na matso kamar zan gyara maka wuyan riga. Sai na ji warin goro, alewar minti, da ɗanyar albasa, duk a baki ɗaya. Yaro, wannan haɗin tun ba a haife ka ba muke yin sa. Mai lemo ba ya bukatar albasa. Na yi shiru don innarka tana bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Ba a yi wa biri burtu, ni ma na taɓa kwana a bayan irin wannan kanta, a kan irin wannan laifi.

Ka san ni da taya, ba ka san ni da sitiyari ba. Lokacin da innarka ke da cikinka, direban babbar mota nake, ina kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye. A cikin ganuwa ni mutumin kirki ne, sahun gaba, hula a karkace. Da na fita Ƙofar Doka na miƙa Sabon Gari, sai in zama wani mutum. Mu 'yan birni haka muke ɓarnarmu, muna cire ta a bakin ƙofa kamar takalmi, mu shigo da ƙafa wankakkiya. Wata ranar kasuwa na yi lodi, na tsaya na jiƙa maƙogwaro fiye da kima, na zo na tura gindin mota cikin kwalbati. Buhunan auduga suka watse a titi. Ba wanda ya mutu, ba don iyawata ba. Aka kama ni, aka karɓe lasin.

Kuskurena na farko a caji ofis na yi shi. Na ɗauka ɗan sanda ma mai saye ne, in na cika shi da zance zai sassauta. Sajan ya tambaye ni daga ina nake, na ba shi labarin tun daga kakana. Ya bar ni ina zuba, yana rubutu yana gyaɗa kai kamar mai jin daɗin hira. A cikin zubar na ce na tsaya wurin wata mata a Sabon Gari na ci abinci. Ya ce, "Wace mata?" Na faɗi sunanta. Ya ajiye biro ya ce, "Direba, wannan matar yaushe ta fara sayar da tuwo?" Duk ofis aka kwashe da dariya. Baki shi ke yanka wuya. To kai ma bakin nan ka gado, na sha jin ka a zaure kana juya ƙannenka. Ranar Alhamis ka bar shi a aljihu. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, in ka amsa ka tsaya. A kasuwa shiru asara ne, a kotu shiru rumfa ce. Kuma duk takardar da aka miƙo maka, kada ka sa hannu sai lauya ya karanta, ko da an ce maka ta karɓar hularka ce.

Na biyu, ban iya zama ba. Sati bai cika ba na ari lasin wani abokina da muke kama, na ci gaba da jan mota ta hanyar daji. Kullum in na hango kaki a gaba sai in rage gudu, har mai sayar da rake in ya sa rigar ruwan ƙasa sai na taka burki. Allah ya rufa asiri ba a kama ni ba, amma da an kama, gidan yari ne kai tsaye, babu zancen roƙo. Kai yanzu kana cikin gareji, makullai na rataye a gabanka. Wani babban direba zai ce, "Kai, ɗan matsar mini da wannan bas ɗin." Ka ce masa hannunka da sabulu. Ko taku ɗaya kada ka motsa ta. Waɗanda ke jiran kujerar nan taka suna cikin garejin, kuma su ma suna da idanu.

Waɗannan biyun ƙanana ne, da su kaɗai ne da ban ɓata tawada ba. Ga babban.

Da na ga zaman ba zai yiwu ba, ga cikin innarka ya tsufa, ga mai mota yana neman wani direba, sai na shigar da ƙara a sake duba hukuncin. Ni ma ba a kai ni wurin likita ba, maganar sajan ce kawai da tawa. Aka ce mini abin da aka ce maka: kawo dattijo. Ka san al'adarmu a birni. In ɗan unguwa ya shiga uku, manya ba sa tambayar me ya yi, riga suke sawa su bi shi. Ana ganin wannan shi ne zumunci, kuma shi ne, sai dai an gina shi a kan cewa yaro ba zai yi wa babba ƙarya ba. Ni kuwa na auna dattawan da na sani kamar yadda nake auna kaya, na ga babu mai nauyin surukina, kakanka Malam Yusha'u, wanda kake ɗauke da sunansa. Shi ke limanci a masallacin da kawunka ke ja yanzu. Mutum ne da in ya ce an ga wata, ba mai fita duba sama.

Na je na durƙusa a zaurensa. Ya ce, "Garba, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sha?" Na ce, "Malam, ni? Sharri ne, don na hana 'yan sanda na goro." Har da hawaye, kuma ban san inda na samo su ba. Ya dube ni ya ce, "Shi ke nan. Tashi."

Ranar shari'a ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau kekensa tun daga Kusfa, ya ƙi in ɗaukar masa tasi. A bayan kotu akwai famfo. Ina tsaye ina kallonsa ya tsuguna ya yi alwala, a natse, yana tsefe gemu da yatsu. A lokacin nan zuciyata ta ce, Garba, je ka riƙe hannunsa. Ƙafata ta ƙi. Na ce a raina minti nawa ne, a yi a wuce. Aka kira shi, magatakarda ya miƙo Alƙur'ani, ya karɓa da hannu biyu ya dafa. Ya ce, "Na san wannan yaro tun yana rarrafe, na ba shi 'yata. Na sani giya ba ta taɓa shiga cikinsa ba." Sajan da kansa ya sunkuyar da kai. Majistare bai daɗe yana rubutu ba, aka miƙo mini lasin ɗina.

Na ci shari'a, Malam Ƙarami. Ina so ka riƙe wannan, don kada ka ce tsohon yana tsoratar da kai ne da faɗuwa. Dabarar tana ci. Ranar Alhamis in kawunka ya dafa, kai ma za ka ci, na fi lauyanka tabbatar da haka.

Ba a yi wata ba, wani abokin shaye-shayena, direba ne shi ma, Ɗan'azumi, ya ga ya kamata ya nuna shi ɗan halak ne. Ya sayi goro ya tafi gaida Malam. Ya tarar da shi kafin almuru, yana zaune da mutane biyu a zaure. Ya zube ya ce, "Allah gafarta Malam, mun gode. Yadda ka rufa wa ɗan'uwanmu asiri, Allah ya rufa naka. Wallahi ranar tare muka sha, ni na ce masa ya kwana ya ƙi. Ba kowane malami zai yi abin da ka yi ba." Shi a ganinsa yabo yake yi. Ya ɗauka da sanin Malam aka shirya.

Aka ce Malam mayar masa da goronsa kawai ya yi. Da aka kira magariba ya shiga masallaci, aka ta da iƙama, mutane suka jira ya wuce gaba. Sai ya kama hannun ladan ya tura shi, shi ya koma sahu. Daga ranar har ya koma ga Allah bai sake jan salla ba.

Ku an gaya muku ciwon gwiwa ne. Innarka har yau haka ta sani, kawunka ma haka. Wane ciwon gwiwa, mutumin da ke taka keke har dutsen Kufena ya dawo? Mutanen nan biyu da ke zauren, su ma malamai ne, sun riƙe maganar har kabarinsu. Sun yi ta ba shi baki, suna cewa wanda ya rantse a kan abin da ya gaskata babu zunubi a kansa, laifin na wanda ya yaudare shi ne. Ya ce musu, "Na ce na sani, alhali zato nake yi. Wanda bai bambance saninsa da zatonsa ba, ba zai tsaya gaban mutane ba."

Ni na jira kira. Na shirya zagi, na shirya a ce in sako 'yarsa, har na tsara amsoshi. Da kiran ya zo na je na durƙusa, ya daɗe yana jan tasbaha. Can ya ce, "Garba, lasin ɗin ya dawo?" Na ce, "Ya dawo, Malam." Ya ce, "To ka riƙe shi da kyau. Ya yi tsada." Iyakar abin da ya taɓa ce mini ke nan a kan maganar. Da mari ya yi mini da tuni na warke.

Da aka haife ka na sa maka sunansa, kuma kada in yi maka ƙarya, ciniki ne na so in yi, in ba da suna a ba ni yafiya. Ya zo ya yi maka huɗuba, ya tofa maka addu'a, ya ɗauke ka ya daɗe yana kallo. Ni kuwa ya amsa gaisuwata kamar yadda yake amsa ta mai kawo itace. Haka muka zauna shekara da shekaru, bai taɓa wulaƙanta ni ba, bai kuma taɓa tambayata wani abu ya jira amsa ba. Ka san abin da wannan ke nufi ga mutum irina? Giya na bar ta tun ranar da ya koma sahu. Tuƙin ma bai yi nisa ba, don duk shingen da aka ce "kawo lasin", in na zaro shi sai in ga famfon nan. Na ajiye makulli na koma sayar da taya. Lasin da na saya da limancin surukina, a ƙasan akwati ya ruɓe.

Yanzu ga ɗansa ya wanke riga zai bi ɗana. Gida ɗaya, masallaci ɗaya, kuma ta hannun jinina sau biyu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban taɓa roƙon Allah ka gaje ni ta nan ba.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka naɗe hannu a yanka ka ba, ni ba waliyyi ba ne, ɗan kasuwa ne. Ka yi shari'arka. Rashin kai ka wurin likita gaskiya ne, aikin lauya ne ya faɗe shi da ƙarfi, su da suka kama ka su ya kamata su kawo hujja. Wannan ba ya bukatar kowa ya dafa komai. In kuma aka juyo aka tambaye ka kai tsaye, kada ka ɗora hannunka a kan Littafi ka ce lemo. Ka ce kuskure ne, na farko ne, ba ka taɓa taka ko kaza ba. Ka nemi manajan masaƙa ya rubuto cewa aikinka a kan lasin nan ya rataya. Ka roƙi a rage, ko a mayar da shi tara. Alƙalai sun gaji da masu rantsuwa, wanda ya ce "na yi" baƙo ne a wurinsu, wani lokaci sukan ɗaga kai su dube shi. Ban yi maka alkawari ba. Yana iya ragewa, yana iya barin shekarar nan yadda take.

Lauyanka zai yi tsalle. Zai ce, "Wannan ai kashe kes ne, ga nasara a hannu!" Ka bar shi ya gama, ka ce masa shaidar liman dai babu. Shi in an tashi kotu ya naɗe baƙar rigarsa ya tafi, ba a Kusfa zai yi magariba ba. In dole sai dattijo ya tsaya, ga ni. Ba zan rantse ba, roƙo zan yi, kuma ka san a roƙon ragi ba a taɓa kayar da ni ba.

In aikin ya tafi, ya tafi. Na san yadda zamanin nan yake, naira ta zama takardar ƙunshe ƙosai, masu digiri suna yawo da fayil a hammata, kujerar direban kamfani ba a tsintarta a ƙasa. Ban raina abin da za ka rasa ba. Amma akwai benci a rumfata, shekara guda kana murɗa taya ba za ta kashe ka ba. Lasin ana sake yin wani. Ni na ga abin da ba a sake yi.

Za ka ce me ya hana ni gaya wa kawunka da kaina. Na yi tunanin haka a kan tayar nan da ya zauna. In daga bakina ya ji, ka zama yaron da aka kama. In daga bakinka ya ji, ka zama yaron da ya dawo. Zai ji zafi, watakila ya yi wata bai dube ka ba, amma zai ci gaba da tambayarka abu yana jiran amsa. Wannan ƙofar ita na rufe wa kaina, shi ya sa na bar maka ita a buɗe.

Sai dai ka ji wannan da kyau, don ba barazanar kasuwa ba ce. Ranar Alhamis zan riga kowa zuwa kotu, kuma a bakin famfo zan tsaya. In na ga Habibu ya naɗe hannun riga zai yi alwala, zan je in riƙe hannunsa. A gaban lauyanka, a gaban innarka, zan faɗi naka, in faɗi nawa, har da ciwon gwiwar mahaifinsu. Na san abin da zai biyo baya a gidana, ina jin tsoronsa. Amma sau ɗaya na tsaya ina kallo, ƙafata ba za ta ƙi ni sau biyu ba.

Ka nemi izini ka taho ranar Laraba. Kada ka biyo ta gida, innarka za ta tsare ka da abinci da addu'a har zuciyarka ta yi sanyi. Daga tasha ka wuce Kusfa. Kawunka yakan zauna shi kaɗai a zaure bayan la'asar, kafin masu ɗaukar karatu su taru. Zauren nan ne dai, ko tabarmar ba su canza mata wuri ba. Zai yi maka tambaya ɗaya, irin ta gidansu.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa direban da zai ɗauko ka idonsa biyu ne. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka ƙafar da ni na rasa, ya jiƙan mai sunanka, ya sa ya yafe mini. Ka gaida masu masaukinka. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba Mai Taya.